Giwa ta cinye min gona, ku kuma kuna cewa a kare ta? Tambayoyi da amsoshi kan namun daji, itatuwa da mutanen da ke zaune da su

Assalamu alaikum jama'a. Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan sha duk sanda maganar namun daji ta taso, wasu a majalisa, wasu a cikin mota, wasu kuma ɗalibaina ne ke tare ni da su bayan an tashi. Ni malamin makaranta ne, a ƙauye na tashi gefen dajin Yankari, kakana na wajen uba maharbi ne, dangin mahaifiyata kuma manoma ne a ƙasar Maraɗi. Don haka wani abin da idona na gani, wani kuma karantawa na yi. Na bar tambayoyin yadda mutane ke yin su, har da masu zafin.

Wai da gaske ne namun daji na ƙarewa, ko dai surutun Turawa ne kawai?

Ba sai ka jira Bature ya gaya maka ba ɗan'uwa. Ka samu duk wani tsoho da ya haura saba'in a garinku ka tambaye shi yaushe rabonsa da ganin gwanki ko kanki ko jimina a daji, yaushe rabon da ya ji kukan kura da dare a bayan gari. Kakana yana lissafa min namun da ya sani da yatsu har yatsun su ƙare ya sake zagayowa, ni kuwa cikinsu waɗanda na gani da idona ba su fi rabi ba, 'ya'yana kuma a waya suke ganinsu. Gauraka da take cika fadamun Arewa yanzu sai ka shekara kana yawo ba ka ga ko ɗaya ba. Baƙar karkandar yammacin Afirka, wadda wurinta na ƙarshe arewacin Kamaru ne, an bi sawunta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ta ƙare a duniya baki ɗaya, shikenan ba ta dawowa. Wani babban rahoto na masana daga ƙasashen duniya da ya fito a 2019 ya ce nau'in dabbobi da tsirrai wajen miliyan 1 ne ke kan hanyar ƙarewa. Lissafin nasu ne, amma abin da tsoffinmu ke faɗa ne aka saka a takarda.

Su waye "'yan asalin wuri" da ake ta faɗa? Irin maganar takardar indijin ce ta ƙaramar hukuma?

A'a, kar ka haɗa su. Takardar indijin tamu ta neman aiki da makaranta daban. A bakin Majalisar Ɗinkin Duniya ana nufin al'ummomin da suke zaune a ƙasarsu tun kafin a zo a kafa gwamnati a kansu, rayuwarsu na ɗaure da daji ko kiwo ko ruwa, suna da yarensu da al'adarsu, kuma galibi an tura su gefe a harkar mulki. Irin mutanen dajin Amazon a Brazil, Sami masu kiwon barewar ƙanƙara a arewacin Turai, Batwa da Baka a dazuzzukan tsakiyar Afirka, Masai da Ogiek a gabashin Afirka. A yankinmu ana yawan sako Mbororo da Buzaye da Tubawa a wannan layi. An ƙiyasta sun kai miliyan 476 a duniya, wajen kashi 6 cikin 100 na mutane.

A Afirka kalmar tana da rigima, don wasu gwamnatoci na cewa ai dukkanmu 'yan asali ne. Lokacin da aka kaɗa ƙuri'a kan sanarwar haƙƙoƙinsu a 2007 Najeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙi zaɓar kowane ɓangare. Shi ya sa a takardun kare muhalli za ka ga ana cewa 'yan asali da al'ummomin yanki, a haɗe. Ni a nan duk wanda kakanninsa suka zauna da dajin, kuma gobe in dajin ya mutu shi zai fara jin yunwa, shi nake nufi.

To ai su ne ma ke farautar. Ta yaya mai kashewa zai zama mai karewa?

Gaskiya suna farauta, ba zan ɓoye ba. Amma farauta suna ta tara. Kakana ba ya shiga daji da damina lokacin da namu ke haihuwa, ba ya harbin mai ciki ko mai shayarwa, in ya samu ɗaya ya juyo gida, kuma akwai sarkin baka da in ka karya ƙa'ida zai kira ka gaban mutane. Shamuwa tana sheƙa a tsakiyar gari kan tsamiya babu yaron da ya isa ya ɗaga mata danƙo, don kowa ya san ita ke shigowa da damina. A Argungu akwai sashen kogin Matan Fada da ake hana kamun kifi a cikinsa har sai lokacin biki, Sarkin Ruwa ke riƙe da wannan, kifi ya samu ya girma ya hayayyafa. Babu wanda ya kira wannan kare muhalli a da, amma shi ne.

Abin da ya karya dajin ya fi ƙarfin kwari da baka. Bindiga mai sarrafa kanta ce, da babur da mota mai shiga ko'ina, da dillalin da ke zaune a birni yana jiran haure ko fata, da gawayi tirela-tirela, da yawanmu da ya ninka gonaki suka cinye burtali da kurmi. Dubi fadamar Haɗeja da Nguru: dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun canza yadda ruwa ke malala, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai duk suka shiga wahala tare. Ba masuncin Nguru ne ya gina dam ba. Haka farar barewar hamada da ake kira adaks a Termit ta Nijar, Tubawa da Buzaye sun zauna da ita ɗaruruwan shekaru, sai da aikin haƙar mai ya shigo da motoci da masu bindiga, binciken 2016 guda 3 kacal ya gani.

Giwa ta cinye min gona, ku kuma kuna cewa a kare ta. Wa zai biya ni?

Wannan tambayar ita ta fi min nauyi don a gidanmu ta faru. Ina aji biyar na firamare, ƙarshen damina dawa ta fitar da kai har ta fara nuna, cikin dare muka ji ana buga gwangwani ana ihu daga gabas, maza suka fita da tocila da wuta a kara. Da safe na bi baffana gona. Karan dawa duk a kwance kamar an bi da abin nika, sawun ƙafa kowanne ya kai faɗin tire, kashinsu har lokacin yana tururi, ga zangarniya an tattauna an tofar. Baffa ya tsaya ya ɗora hannu biyu a ka, ba abin da yake cewa sai innalillahi, abincin shekara na gida mai mutum goma sha ɗaya a dare ɗaya. Ya je wani ofis ya cike takarda, ya koma ya sake komawa har ya gaji ya bari. Giwa ɗaya tana cin abin da ya haura kilo 100 a rana, ka lissafa garke.

Don haka duk wanda zai zo ya yi wa manomi wa'azin son giwa bai zo da maganar asararsa ba, wallahi ɓata bakinsa yake. Giwayen Yankari yanzu ba su wuce 100 da ɗoriya ba, suna cikin 'yan garken da suka rage a Najeriya, kuma ba za su tsira ba in mutanen ƙauyukan gefe na ganinsu a matsayin abokan gaba. Abin da na ga ya ɗan yi aiki shi ne tun 2014 da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shigo aiki tare da gwamnatin Bauchi, aka ɗauki mutane daga cikin ƙauyukan a matsayin masu gadin giwa, in garke ya doso gonaki su buga waya a sanar da jama'a da ma'aikata tun kafin a yi ɓarna. Kashe giwa don haure ya ja baya sosai daga wajen 2015. A Kenya kuma an gano giwa na tsoron zuma, sai ake jera amya a kewaye gona da waya, ta taɓa wayar ƙudan zuma su tashi ta gudu, manomi ga gona ga zuma. Amma maganar diyya kam har yanzu da saura, kuma ni a ganina haƙƙi ne a kan hukuma, tunda ita ta ce kar a taɓa giwar.

Akwai inda mutane da namun daji suke zaune tare aka ga amfanin hakan, ko duk labari ne?

Akwai, kuma ba nisa. Koure, kilomita wajen 60 daga Yamai. Raƙuman dajin yammacin Afirka da a da suke tun daga Senegal har tafkin Chadi, a 1996 guda 49 suka rage a duniya, dukkansu a wannan yankin. Ba shinge, ba katanga, a cikin gonakin Zabarmawa da wuraren kiwon Fulani suke yawo, za ka ga mace na surfe ga raƙumin daji can yana cin ganyen gawo a bayan rumbu. Gwamnatin Nijar ta hana kashe su da gaske, 'yan ƙauyukan suka kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora, ƙungiyoyi suka shigo da rijiyoyi da ƙananan rance ga mata. Yau sun haura 600. A 2018 har aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi inda suka ɓace tun shekarun fari, aka ƙara wasu a 2022.

Kar in yi muku daɗin baki, manoman na kuka, don raƙuman na cin wake da mangwaro. Kuma a watan Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da direbansu da shugaban masu jagorar, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin da ke shigowa ƙauyukan ya tsaya. Duk da haka mutanen ba su juya kan dabbobin ba.

A Ghana ma akwai Wechiau a bakin kogin Black Volta, sarakunan yankin da kansu suka ware wurin dorina a ƙarshen shekarun 1990 suka ƙi miƙa shi ga gwamnati. A Kuros Riba ƙauyuka 9 ne suka haɗu suke tsaron duwatsun Mbe saboda gorilar da ba ta fi 300 ba a duniya.

Me zai hana gwamnati ta kori kowa ta zagaye dajin da waya, a huta?

An gwada, an daɗe ana gwadawa. Tun daga Yellowstone a Amurka a 1872, gandun farko irin na zamani, sai da aka fitar da 'yan asalin wurin, kuma wannan salon Turawan mulkin mallaka suka kawo Afirka. An fitar da Batwa daga dajin Kahuzi-Biega na Kongo a shekarun 1970, aka fitar da 'yan'uwansu daga Bwindi ta Uganda a 1991 saboda gorila, mutanen da ba su san wata rayuwa ba sai daji suka koma ƙwadago da bara a bakin hanya. Ogiek na dajin Mau sai da suka kai gwamnatin Kenya kotun Afirka da ke Arusha, a 2017 kotu ta ce an tauye musu haƙƙi kuma ba su ne suka lalata dajin ba. A 2022 mun ga yadda aka tashi Masai da ƙarfi daga wuraren kiwonsu a Loliondo ta Tanzaniya.

Ban da zaluncin da ke ciki, abin ma ba ya aiki yadda ake zato. Yankari ta haura murabba'in kilomita 2,200, ma'aikata nawa za ka zuba su tsare wannan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan ƙauye ne ya san baƙon babur da ya shiga da asuba, shi ya san wane rafi ne bai ƙafe ba a watan Afrilu, in ka mayar da shi ɓarawo a ƙasar kakansa to ya gani ma ba zai faɗa ba. Namibiya ta gane haka, a 1996 ta yi dokar da ta ba al'ummomi ikon kula da namun yankinsu da cin kuɗin da ke fitowa, yanzu suna da irin waɗannan yankuna sama da 80. Shi ya sa da ƙasashen duniya suka amince a Montreal a Disambar 2022 cewa za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030, wakilan 'yan asali suka dage sai an rubuta haƙƙinsu a ciki, don sun san a kan wa irin wannan alƙawari yake faɗowa.

Na ga ana cewa kashi 80 cikin 100 na halittun duniya a hannun 'yan asali suke. Haka ne?

Wannan adadin ya yi yawo sosai, amma a 2024 wasu masana suka bi diddiginsa suka ga ba shi da tushe, gara a daina faɗarsa. Abin da ya tabbata shi ne aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar duniya na hannunsu ko ƙarƙashin kulawarsu, kuma lalacewar muhalli a wuraren ta fi tafiya a hankali in aka kwatanta da sauran wurare. Wannan ma ya isa hujja.

Kullum dabbobi ake magana. Itatuwa fa, su ma suna ƙarewa?

Sosai ma, sai dai itace ba ya kuka shi ya sa ba a ji. Misali mafi ciwo shi ne madobiya, wadda a Taraba 'yan katako ke kira Madrid. Daga wajen 2013 zuwa 2017 aka yi mata wawa, gungume-gungume a tirela daga Kogi da Taraba da Adamawa zuwa tashar jirgin ruwa a Legas, daga can sai ƙasar Sin inda ake kujeru da gadaje masu tsada da jan katakonta. Samari suka bar gona suka kama injin yanka, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba a kan icen da ya shekara hamsin yana girma. A 2017 aka saka ta cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, amma kafin nan duwatsu da yawa sun zama sanƙo. Wanda ya fi jin jiki makiyayi ne, don ganyen madobiya abincin shanu ne a ƙarshen rani lokacin da babu ciyawa.

Kuma ba ita kaɗai ba. Kaɗanya da ɗorawa da kirya da marke duk suna tafiya a buhun gawayi. Mace a ƙauye ba za ta sare kaɗanya ba don ta san man kaɗe da kuɗin cefane na nan, ba za ta sare ɗorawa ba don daddawa. Masu maganin gargajiya na gaske suna ɓare ɓawo gefe ɗaya su bar gefe don icen ya warke, 'yan kasuwar yanzu kuwa zagaye shi suke yi su tafi ya bushe a tsaye.

To in an riga an sare, ai sai dashe ko? Mun ga ana ta bikin dashen itatuwa.

Ana biki, a ɗauki hoto, bayan wata uku ka koma ka ga awaki sun gama da su. Abin da ya fi burge ni a duk wannan harka a ƙasar kawunnaina ya faru. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashe a Maraɗi, yawancin abin da ya dasa na mutuwa, sai ya lura ashe 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki ana sassabe su duk shekara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Manoma suka karɓi abin suka gyara shi da nasu sanin, suka sa masa suna sassabin zamani.

Na ga kawuna yana yi. Zai durƙusa gaban kututturen gawo ko kalgo ko sabara da ya yi tofo goma sha, ya duba ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi da suka miƙe, ya sare sauran da adda, ya ɗan rage rassan ƙasa, shikenan ya wuce na gaba. Ba reno, ba ban ruwa, ba ko sisi. Bayan shekara uku huɗu ice ya fi mutum tsawo. Gawo kuwa ba ya gasa da gero, da damina yake zubar da ganye ya zama taki, da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, kawu ya nuna min geron ƙarƙashin gawo da na fili, bambancin ko makaho ya shafa zai ji. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a haka a Maraɗi da Damagaram da kewaye. Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya a 2018, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar ƙananan ramukan shuka masu riƙe ruwa da taki da ake kira "zai".

Amma ga inda maganar take. Tun zamanin Faransa doka ta ce itace na gwamnati ne, ko a gonarka yake in ka sare sai tara, don haka manomi ya ga tsiro sai ya tumɓuke tun kafin ya zame masa rigima da ma'aikacin gandun daji. Da aka sassauta, manomi ya tabbata icen nasa ne, sai ga daji ya dawo. Kuma girmama gawo ba baƙon abu ba ne a can, ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu a ƙarni na 19 ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi.

Ungulu fa? Ƙazamar tsuntsuwa, in ta ƙare meye asarar?

Allah sarki ungulu. Muna yara in ka je mahauta ranar kasuwa sai ka kore su da ƙafa, suna jere a kan katanga suna jiran a watso hanji. Yau je ka duba. Tun 2015 irin wadda muka saba da ita ta shiga jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ana kama ta ana sayar da kai da ƙafa da ƙwai ga masu tsibbu, wasu na cin namanta a ɓoye, sannan in an zuba guba a mushe don kura ko kare, ungulu hamsin na iya mutuwa a kan gawa ɗaya.

Aikinta shara ne, tana cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Indiya ta ga abin da ke biyo baya: maganin ciwon jiki na shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'in ungulayensu daga shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sakai suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Gemun ɗan'uwa ne ya kama da wuta. Kuma a nan masu maganin gargajiya da sarakunan pawa su ne za su iya tsayar da abin fiye da ɗan sanda, in sun ce a kasuwarsu ba a sayarwa to ba a sayarwa.

Makiyaya ba su ne ke lalata gandun daji ba?

Akwai matsala, shanu na shiga Yankari da sauran gandaye, ana sassake rassa fiye da kima, wasu na sa guba in zaki ya kama musu saniya. Amma ka tambayi kanka ina burtalin da kakansa ke bi, ina makiyayar da aka ware, yawanci an nome ko an yanka filaye. Bafulatanin daji ya san ciyawa da sunanta ɗaya bayan ɗaya, ya san wadda ta ɓace da shekarar da ta ɓace. A Chadi wata 'yar Mbororo, Hindou Oumarou Ibrahim, ta tara makiyaya da manoma maza da mata suka zana taswirar yankinsu da hannu, ga rijiya ga burtali ga inda ake samun ganyen magani, har hukuma ta yi amfani da ita wajen sasanta rikici. A Chadin dai, mariri da aka ce ya ƙare a daji a shekarar 2000, an dawo da shi daga Abu Dhabi a 2016 aka sake shi a Wadi Rime da Wadi Ashim, wurin da makiyaya ke kiwo ba a kore su ba, ya hayayyafa har a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Addini ya ce wani abu a kai ne?

Ya ce. A Suratul An'am aya ta 38 Allah ya gaya mana dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne irinmu. Hadisi ya inganta cewa musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwa da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. An halatta farauta don ci, an hana kisa don wasa da ɓarna. Ina roƙon malamanmu su riƙa sako wannan a huɗuba, a ƙauye maganar liman ta fi allon gwamnati shiga kunne.

Dazuzzukan ma ai 'yan bindiga sun kwace. Ba sai an samu tsaro ba tukuna?

Haka ne, Sambisa gandun namun daji ne kafin sunan ya zama abin tsoro, haka Kamuku da Rugu da gefen Kainji da gandun W da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina. Ni dai abin da na lura, dajin da aka raba shi da mutanensa aka kuma bar shi ba ma'aikata ba kulawa, shi ne ya zama kango, kango kuwa kowa ya san abin da ke tarewa a ciki. Ma'aikatan gandun daji da yawa sun rasa ransu a bakin aiki, yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan gefen ne, da albashin da bai kai ya kawo ba. Tsaron daji da tsaron ƙauye abu ɗaya ne.

Akwai doka a Najeriya kuwa? In na ga ana sayar da ɗan biri ko aku ko fatar damisa me zan yi?

Akwai dokar kare halittun da ke cikin haɗari tun 1985, an gyara ta a 2016, kuma Najeriya na cikin CITES tun farkonta. A Janairun 2024 an niƙa hauren giwa tan 2.5 da aka kama, a Abuja. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli da kwastam da ma'aikatar gandun daji ta jiha su ke da alhakin abin.

Kai kuma abu na farko kar ka saya, ko don tausayi. Na san zuciya ba ta daurewa in ka ga ɗan biri ɗaure da igiya a ƙugu a bakin tasha yana kallonka, amma kafin a kamo shi sai an harbe uwar, kuma kuɗin da ka bayar shi ne kuɗin harsashin gobe. Ka sanar da ofishin gandun daji mafi kusa, in a ƙauye ne ka fara da mai unguwa ko dagaci ko sarkin baka, sau da yawa a nan ake kashe maganar ba tare da an kai kowa caji ofis ba. Kar ka tsaya cacar baki da dillali kai kaɗai, wasunsu ba su kaɗai suke ba. In tsuntsu ko dabba ka tsinta da rauni kar ka kai gida yara su yi wasa da ita, ka sa ta a kwali mai huji a inuwa, ka ajiye ruwa a gefe, sannan ka kira ma'aikatan.